Nerio Mai Esi da Taransifomar Layinmu

Duk wanda ya girma a unguwarmu a Maracaibo ya taɓa kwana cikin sanyin da Nerio Villasmil ya haɗa. Ya fi shekara talatin yana gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma a garinmu wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. Mu mutane ne da za mu haƙura da nama amma ba za mu haƙura da esi ba. Gidan da rufinsa ke yoyo ma za ka tarar da ita maƙale a bango tana ɗiga. Nerio yakan zo da a-kori-kurarsa, tawul a wuya, ya kara kunne a jikin na'ura, sannan ya ce, "Gas ne," ko kuma ya ce, "Señora, wannan tun bara ta mutu, ke ce ba ki yarda ba." Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya, shi ya sa musu da shi ɓata yawu ne.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Ni Ismenia, ƙanƙara nake sayarwa da daskararren lemo a leda, firiza biyu gare ni a baranda. Ni na riƙe autarsa Yoleida ranar baftisma, saboda haka madrina take ce mini, ni da ubanta kuwa compadre da comadre. Matarsa Chinca ƙawata ce har ranar da ta rasu. Na faɗi wannan ne don a san ba gulma na zo yi ba. Ina da hurumin magana a gidan nan.

Da ƙasa ta lalace, sana'ar Nerio ta bi ta. Kuɗinmu, bolívar, wanda ka karɓa da safe ba ya sayen abin da ka yi niyya da yamma, wa zai kira mai gyara? Wanda esinsa ta lalace sai ya fitar da katifa baranda ya yi ta zagi. Gidaje suka fara ɗaukar kwaɗo ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗan Nerio, Ender, ya tafi Chile. Atilio ya bi ta Peru. Yoleida kaɗai ta rage masa, nas ce a wani asibitin gwamnati inda majinyaci ke zuwa da tasa audugar, albashinta kuwa ko kiret ɗin ƙwai ba ya saye.

Ina gidan ranar da ya ga jakar goyo sabuwa fil a kan kujera. Na kawo musu mandoca ne, soyayyar masara da ayaba, da zafinta.

"Mija, 'yata, wannan ta mece ce?" ya tambaye ta.

"Ka san ta mece ce, Papá."

"Makaranta za ki koma?"

"Papá."

Ya zauna. Ya daɗe yana juya kofin kofi a hannu bai sha ba. Can ya ce, "Ba ni lokaci zuwa bikin Chinita, Budurwa Maryamu ta garinmu. In Nuwamba ya zo ban cika firjin can ba, ni da kaina zan kai ki mota."

"Da me za ka cika shi? Da tsofaffin esin da ke bayan gida?"

"Ke dai ki ce kin yarda."

Ta ce ta yarda, amma don ta rabu da shi ne, na gani a fuskarta.

Ashe yana da abin da yake saƙawa. Watanni kafin nan an kira shi gyara a wani sito na wani mai hali, a can ya ga kantoci cike da wasu akwatunan ƙarfe, kowanne bai fi babban burodi biyu ba, fanka gaba fanka baya, suna ihu kamar ana yanka su. Injinan haƙar kirifto. Wuta kawai suke ci, wuta kuwa a wurinmu kusan kyauta ce, ita kaɗai ce abin da bai yi tsada ba. Nerio ya sayar da a-kori-kurarsa, motar da ya rena yara uku da ita, ya sayi tsofaffin injina biyar daga hannun wani mutum da ya sadu da shi a bayan gidan burodi, mutumin da ko sunansa bai faɗa ba. A kwalayen shinkafa aka shigo da su, domin a lokacin masu kaki in suka ji labarin inji a gidanka sai su zo su kwashe, wani lokaci har da kai.

Uku ne suka tashi. Biyu ko motsi. Na shiga na same shi ya baje hanjin ɗaya a kan teburin cin abinci, ƙura ta yi kauri a ciki kamar auduga, ga wata busasshiyar tsaka manne a jikin allon. Ya jingina waya da kwalbar gishiri yana kallon wani ɗan Sin yana gyaran irinsa.

"An cuce ka, compadre," na ce.

"An gwada dai."

"Kana jin abin da mutumin nan yake faɗa?"

"Hannunsa nake kallo, comadre. Ki matsa, kin tare mini haske."

"To wai me suke haƙowa? Ni ban ga rami ba."

"Lissafi suke yi."

"Lissafin me?"

"Ke ina ruwanki? Su yi lissafi, a biya ni da ɓarɓashin bitkoyin, in mai da shi dala a waya, in sayi kaza. Ko kazar ma sai an yi miki bayani?"

Da dalma da sukudireba da taurin kai ya tayar da na huɗu. Na biyar ya zama abin yanka, duk wanda fankarsa ta ƙone a cire masa daga can. Ya koyi fitilunsu kamar yadda ya koyi kukan esi. Kore na walƙiya, lafiya. Ja ya tsaya, wani allo ya mutu ko zafi ya yi yawa. Yakan hure musu ƙura da bulawa, ya goge, ya yi musu magana. Na taɓa jin yana ce wa ɗaya, "Kai ne rago a cikinsu, kamar Atilio."

Abu biyu ne masifar injinan nan, ƙara da zafi. Samarin da suke wannan harka a waya sun gaya masa yadda ake yi: ka fasa bango gaba da baya, ka sa babbar fanka mai zuƙa, iska ta shiga ta nan ta fice ta can, shi ke nan. Nerio ya yi musu dariya. Yara ne da ba su taɓa riƙe sifana ba za su koya masa sanyi? Shi mutumin Maracaibo ne, kuma a wurinmu duk abin da ya yi zafi esi ake sa masa, ko mutum ne, ko kare, ko gawa. Ga shi kuma ramin da iska za ta fita ta nan ƙara ma za ta fita. Sai ya ɗauki ɗakin marigayiya Chinca, ya toshe taga da bulo, ya manna tsofaffin katifu da kiret ɗin ƙwai a bango, ya kafa manyan esi uku cikin waɗanda masu su suka kawo gyara suka bar ƙasar ba su dawo ɗauka ba. Ya jawo waya mai kaurin babban yatsa kai tsaye daga falwaya. Ba zan yi tsarki ba, duk layinmu haka muke jone, babu mai mita, har firizoyina. Amma ƙwan fitila da firiza daban, abin da Nerio ya rataya daban. Injinan na ci, esin da ke sanyaya su na ci, dare da rana.

Abin kuwa ya yi. Gaskiya ya yi. Firji ya cika da cuku da kaza, har da man shanu, abin da muka manta kamanninsa. Jakar goyo ta hau kan kabad. Yoleida ta yi ƙiba a kumatu, na sake jin dariyarta ta katanga, irin ta uwarta. Nerio ba marowaci ba ne. Wannan ya saya mata maganin hawan jini, wancan ya biya masa takalmin makarantar yara. Duk katifun da ya manna, da ka jingina da katangata za ka ji gurnani kamar jirgin da ya ƙi tashi. Kowa a layin ya sani, kuma babu wanda ya buɗe baki. In motar masu kaki ta shigo, ni nake ƙure rediyo da gaita, kiɗanmu na Kirsimeti, alhali ba ma lokacinsa ba ne.

Taransifomar layinmu ɗaya ce, wata ganga mai ruwan toka a saman falwaya, daidai ƙofar gidan Don Telésforo. Tun ina amarya take wurin. Ita ke ɗauke da gidajenmu duka. Da zafi ya tsananta sai muka fara ganin abu. Da rana tsaka ƙwan fitila ya koma ja, fanka ta dinga juyawa kamar mai ciwon baya. Ƙanƙarata ta daina kamawa. Wani baƙin mai ya fara bin jikin falwayar yana gangarowa. Kowa ya san ma'anar wannan, kuma kowa ya san in ta ƙone babu wata mai zuwa. Unguwar da ke bayan coci tasu ta ƙone, sun yi watanni a duhu, tsofaffinsu a bakin titi suke kwana.

Na same shi a ƙofar gida yana wanke tace-ƙurar esi.

"Compadre, ƙanƙarata ta zama ruwa."

"Firizarki ce ta tsufa. Ta biyo mai ita."

"Duka biyun rana ɗaya? Ɗaga kanka ka kalli can sama."

"Na kalla."

"To?"

"To me? Na fi ki sanin abin da take iya ɗauka."

"Shi ya sa nake tambayarka, ba wani ba. Za ta ɗauka?"

Ya ci gaba da dirzar abin da ya riga ya fita fes. A nan na tsorata, domin Nerio ba ya rasa amsa.

Washegari sai ga shi da tsani. Ya hau falwaya, ya kafa wa taransifoma rumfar kwano, ya ɗaure mata fankar tebur da waya tana hura mata iska. Mutane suka fito suna kallo. Wani ya ce, "Primo, ɗan'uwa, saura ka kawo mata lemo mai sanyi." Wani ya ce a jira, mako mai zuwa esi zai sa mata. Aka yi dariya, har ni, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na ce masa ya dinga kashe injinan da rana. Ya gwada, sai ya ga abin da ke shigowa ya ragu, ga farashin bitkoyin ɗin ya faɗi, ga sababbin injina sun fito a duniya suna cinye rabon tsofaffi. Nasa sai sun yi aiki babu tsayawa kafin su ciyar da gida. Na ce to ya haƙura da girman kai, ya fasa bangon kamar yadda yaran nan suka ce, ya kashe esin. Har ya yi kamar zai yarda. A satin ne masu kaki suka shiga wani gida a unguwar gaba, ƙara ce ta kai su, suka tafi da injina da mai gidan. Maganar fasa bango ta mutu a nan.

Na ga mutumin nan yana ƙarewa a tsaye. Ya rame, ya kamu da tari saboda shiga sanyi da fita zafi. Sai ya fito daga ɗakin can da rigar sanyi, a Maracaibo, ya tsaya ƙarƙashin falwaya ya ɗaga kai yana sauraro. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, wani lokaci a numfashi ɗaya. Ni ma ba na son yarinyar ta tafi. Ni na yi mata kitso ranar da ta fara makaranta.

Don Telésforo tsohon ma'aikacin mai ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tafkin Maracaibo inda ake haƙar man, huhunsa ya tafi tare da ita. Da injin numfashi yake rayuwa, wani akwati mai taya da ake jonawa a bango, da siririn tiyo zuwa hancinsa. In wuta ta yi rauni sai injin ya fara kuka ya tsaya. Yoleida takan biya ta duba shi in ta taso aiki, ba ta karɓar ko sisi. Wata rana Nerio ya aika wa tsohon da sabuwar sitabilaiza, kyauta. Matarsa Doña Aura ta yi ta godiya har da hawaye. Yoleida kuwa kallon sitabilaizar kawai ta yi.

Wata Lahadi ce cikin Oktoba, bayan an taso coci, rana ta buɗe kamar da gayya. Doña Aura ta aiko a kira ni. Na tarar da tsohon a kujera, baki buɗe, leɓensa ya yi duhu. Injin na kuka, ya kama, ya saki. Sitabilaizar sai ƙas-ƙas take yi, ta rasa abin da za ta ɗaga. Na yagi kwali ina yi masa fifita. Yoleida na durƙushe tana riƙe da hannunsa tana ce masa, "A hankali, Don Telésforo, ja ta hanci, a hankali." Ta ɗaga kai ta kalli ƙwan fitilar da ya koma kamar garwashi, sannan ta kalle ni.

"Madrina, ki gaya mini gaskiya."

"Kin sani, mija. Duk layin nan ya sani."

"Ina so in ji an faɗa."

"Injinan babanki ne."

Ta miƙe. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta tsallaka titin da ke ƙona ƙafa. Na miƙa wa Doña Aura kwalin na bi ta.

Nerio yana bakin ƙofar ɗakin, da ganin fuskarta ya gane. Ya tare hanya da jikinsa.

"Matsa, Papá."

"Ki bari rana ta yi sanyi, wutar za ta dawo daidai. Kullum haka take yi."

"Ba zai kai yamma ba."

"Zan kashe esi ɗaya."

"Matsa."

"Zan samo masa janareta. Ki ba ni sati ɗaya. Yoleida, saura kaɗan Nuwamba, kin ga firjin, kin ga na cika alkawari."

"Na gani. Na ci kazar, na ƙoshi. Da numfashin Don Telésforo nake cin ta, Papá, kuma na daɗe da sani, na yi shiru don tana da daɗi."

"Don ke na yi."

"Na sani. Shi ya sa ni ce zan kashe."

Ban san ko shi ya matsa ba. Ta wuce shi, ta kama babban makunnin da ke bango da hannu biyu, ta sauke. Ihun fankokin ya yi ƙasa a hankali har ya mutu. Ƙwan da ke falo ya yi fari tas. Daga tsallaken titi kukan injin tsohon ya tsaya, muka ji Doña Aura tana kiran sunan Budurwa Maryamu. Yoleida ta koma wurin majinyacinta. Nerio ya zauna a ƙasa cikin rigar sanyinsa.

Ya ɗan yi ta ƙoƙari bayan nan. Ya gwada inji biyu babu esi, cikin ɗan lokaci suka nuna ja suka kashe kansu. Ya gwada ɗaya da esi ɗaya, abin da ya fito bai kai na garin arepa, wainar masararmu, ba. Daga ƙarshe wani mai sito ya zo ya kwashe su duka a farashin wulaƙanci. Babu injina, babu a-kori-kura. Ƙanƙarata ta koma kamawa, kuma wallahi ban ji daɗinta ba. Mutanen layi ba su gode wa yarinyar ba, ba su zagi uban ba. Yadda suka yi shiru da farko haka suka yi shiru a ƙarshe, abin da har yau yake ba ni haushi.

Nerio ya daina yi mata magana. Ba faɗa, ba zagi. Ta dafa, ya jira ta fita sannan ya ci. Na je na wanke shi tas. Na ce, "Kai da ka rena ta da hankali, yanzu kana fushi don ta yi hankali?" Ya ce, "Comadre, ba fushi nake ba. In na buɗe baki roƙonta zan yi, kuma ba ni da abin da zan roƙe ta da shi."

Kwana kaɗan bayan bikin Chinita, Yoleida ta sauko da jakar. Wata tsohuwar mota mai zuwa iyakar Colombia ta tsaya a ƙofar gida da hantsi, cike da mutane da kaya. Nerio ne ya ɗauko jakar, ya sa a but, ya gyara mata zama, ya sake gyarawa. Yoleida ta rungume ni. Sannan ta tsaya gaban ubanta. A wurinmu ɗa ba ya barin gida, ko kanti zai je, sai ya nemi albarkar iyaye, su kuma su amsa.

"Sa mini albarka, Papá."

Direba ya danna oda.

"Papá. Sa mini albarka."

Ya ɗaga hannu ya ɗora a kanta. "Allah ya yi miki albarka, mija," ya ce, muryar a dishe. "Allah ya tsare."

Amma hannun bai sauka ba. Yatsunsa sun shige cikin gashinta sun riƙe. Ta tsaya da kai a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan takalminta, ba ta ja baya ba. Direba ya sake danna oda, wata mata a cikin motar ta ce za a rufe iyaka suna nan. Na kira shi, "Compadre." Bai ji ni ba.

Ni na matsa na ɓamɓare yatsun, ɗaya bayan ɗaya. Na riƙe hannun a nawa har motar ta sha kwana.